Zuwa ga ɗana a Jidda, kan wayar Usman

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Ka tambaye ni ko dokokin tantance shekaru da ake ta cece-kuce a kansu za su sauke maka nauyin sa ido kan wayar Usman. Ba za su sauke ba. Ostareliya ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafin sada zumunta tun Disambar 2025, Birtaniya kuma ta wajabta tantancewa a shafukan batsa tun Yulin shekarar. Akasari hanya uku ce: katin shaida, katin banki, ko kyamara ta dubi fuska ta kintaci shekaru. Kintacen yakan kauce da shekara ɗaya ko biyu, daidai inda ake bukatarsa, sai ɗan 14 mai tsiron gashin baki ya wuce salin-alin. Sauran kuwa su sauke VPN na kyauta, wato manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, wanda sau da yawa cinikinsa shi ne bayanan mai wayar.

Masu adawa da dokokin suna da hujja a wuri ɗaya. A 2025 dandalin hira na Discord ya sanar cewa hotunan katin shaidar mutum kusan 70,000 ƙila sun faɗa hannun masu kutse. Saboda haka hoton igamarka kada ya hau wani shafi don yaro ya samu shiga. Haka lambar Nafath, manhajar tabbatar da shaida ta gwamnatin Saudiyya: duk wanda ya kira ya ce ka danna ta, katse kiran.

Abin da ya fi damuna yana nan gida. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ko tarar riyal 500,000 kan ɓata suna da ɗaukar mutum hoto don keta sirrinsa. Tura abin da ya taɓa addini ko tarbiyya kuwa har shekara 5 da riyal miliyan 3. Layin da ke hannun Usman da igamarka da yatsanka aka yi masa rajista, kai za a fara nema.

Ka buɗe masa asusun Google da shekarunsa na gaskiya, ka haɗa da Family Link, manhajar Google ta sa ido kan wayar yara, ka sa kowace manhaja sai da amincewarka, wayar ta kulle ƙarfe 9 na dare. In ka ƙara masa shekaru wajen rajista, kariyar yara ba za ta hau kansa ba. Lambar sirrin kuma kada ta zama shekarar haihuwarsa, da ita zai fara gwadawa.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
Makka