Zuwa ga ɗana a Yamai, kan maganar makarantar jarida

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Baffanka da iyalinsa. Mu nan gida lafiya lau, sai ƙafar Hajiya da ta sake tashi, amma da sauƙi.

Rubutu na zaɓa saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Baffanka ya shaida mini kana shirin kai takardunka wata makarantar kuɗi da ka gani a Facebook, wai za ta koya maka aikin jarida cikin ɗan lokaci, har ta sama maka gurbi a wata talabijin ta intanet. Ya ce ka roƙe shi kuɗin rajista, ka kuma ce kada in ji. Wannan na ƙarshen ya fi yi mini ciwo. Ni na kai ka lakkol da hannuna, ni na zauna bakin lise Amadu Kuran Daga cikin rana ina jiran sakamakon bak ɗinka, jarrabawar gama lise, yau kuma ni ne ake ɓoye wa magana?

Kawunnanka na Zango suna yawo da zancen wai na tsani aikin jarida. Su da ba su taɓa zama sun saurari labarai har ƙarshe ba. Ka tashi ka tarar da rediyo a kunnena safe da dare, Muryar Sahel, BBC, Jamus, Amurka, ba wadda ba na kamawa. Da na ce maka bara ka duba karatun shari'a ko koyarwa, dalili gare ni, kuma dalilin yana nan. Amma tunda zuciyarka ta kafe, to a yi shi bisa hanya.

Wannan makarantar taka, kafin dala ɗaya ta fita daga aljihuna sai na ji amsar abu uku. Tana da izinin ma'aikatar ilmi mai zurfi? Takardar da za ta ba ka, gwamnati ta yarda da ita, CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance takardun ilmi mai zurfi, ta san da ita? Malamanta sun taɓa zama ɗakin labarai sun yi aiki, ko masu riƙe kamara ne a wajen biki? Ka je da ƙafarka ka ga ɗakin ɗaukar sauti, ka tambayi ɗaliban bara inda suka yi istaji, wato sanin makamar aiki. In aka fara yi maka kwana-kwana, ka ɗauki takardunka ka fito. Allo mai kyau a bakin titi ba wuyar bugawa gare shi ba.

Ga ESSCOM, wadda a da ake kira IFTIC, nan kusa da kai a Yamai, makarantar gwamnati ce, ta daɗe tana horar da masu aikin rediyo da talabijin da jarida, kuma da yawa cikin muryoyin da muke ji a gidajen gwamnati da masu zaman kansu can suka fito. Ni ita na fi so maka. CESTI, makarantar aikin jarida ta Dakar, wadda ke nan tun 1965, kowa ya san darajarta, amma sai an ci jarrabawar shiga, kuma zaman Dakar ba na aljihun ɗan fansho ba ne. In ka samu bursu, wato tallafin karatu, wannan wata magana ce. Kano kuwa na san ta fi kusa da mu, kilomita wajen 240 ne, alhali Yamai ta kusa 900, kuma Jami'ar Bayero ta yi suna a wannan fanni. Sai dai karatunsu da Ingilishi ne, naka kuma ni da kai mun san iyakarsa. Ka tuna kuma yadda aka rufe iyaka a 2023 har sai Maris na 2024, yaran unguwar nan da ke karatu can sai ta daji suke bi a kan babur. Ko nan gida, jami'ar André Salifou, mai sunan mutumin da ya rubuta tarihin Damagaram, kana iya yin digiri a ilmin zamantakewa kana kwana ɗakinka, daga baya ka ƙara da horon jarida. Na san ba ka son jin wannan, shi ya sa na wuce.

Duk wannan lissafin ba shi ke hana ni barci ba. Abin da ke hana ni barci shi ne bakinka, da wayar da ke hannunka.

Tun kana ƙarami ba a gaya maka magana ta kwana cikinka. Yanzu kuma ƙanwarka ta nuna mini abubuwan da kake rubutawa. Na ga ranar da ka yaɗa labarin an kai hari wani ƙauye, daga baya ya tabbata hoton ma ba na ƙasar nan ba ne. Ka goge, ka ɗauka shi ke nan. Magana zarar bunu ce, ɗana, balle wadda aka rubuta, wani ya riga ya ɗauki hotonta ya ajiye.

Ka san halin da ake ciki ko ba ka sani ba? A 2010 an cire ɗaurin gidan kaso a kan laifukan aikin jarida, mutane suka yi ta murna. A 2019 aka kawo dokar laifukan intanet. A watan Yuni na 2024 aka sake gyara ta, aka dawo da ɗauri: ɓata suna ko zagi ta intanet, shekara 1 zuwa 3, yaɗa abin da aka ce zai iya tada zaune tsaye, shekara 2 zuwa 5. Ba na cewa komai a kan masu mulki, kai ma ba wannan na aike ka ba. Doka ce, tana nan, kuma alƙali ba zai tambaye ka ko da kyakkyawar niyya ka danna ba. Ɗan jarida Moussa Kaka, wanda duniya ta san muryarsa, an kama shi a Satumba na 2007 lokacin tawayen arewa, bai fito ba sai Oktoba na 2008. Shi da ke da RFI, rediyon Faransa, a bayansa ke nan. Ƴar jarida Samira Sabou an ɗauke ta a ƙarshen Satumba na 2023, kwanaki danginta ba su san inda take ba. RFI ɗin kanta an rufe ta a ƙasar nan tun Agusta na 2023, BBC ma an dakatar da ita a Disamba na 2024. To kai wa gare ka? Ni ne, da Innarka mai hawan jini. In aka kira ni aka ce kana komisariya, wace mota zan hau, in bi Maraɗi da Ƙonni da Dosso yini guda, in je in tsaya ƙofar wa? Wa na sani a Yamai ban da Baffanka? Ka taɓa tunanin wanda zai riƙa kai maka abinci? Ba ka taɓa ba, don kai kullum kanka kawai ka sani, da ƴan abokanka masu zuga ka suna kiranka jarumi. Ranar da abin ya zo, ko ɗayansu ba za ka gani ba.

Shi ya sa na nace a kan makaranta ta gaskiya. Riƙe makirfo da gyara bidiyo, wannan yaran Kasuwar Dole ma sun iya. Abin da nake so a koya maka shi ne dokokin aikin, da yadda ake jin ta bakin kowane ɓangare, da yadda mutum zai riƙe labari mai zafi a cikinsa har ya tabbatar, ko da wasu sun riga shi. Ina son malamin da zai yaga rubutunka ya ce je ka sake, kana fushi kana sakewa. Makarantar da ke neman kuɗinka kawai ba za ta taɓa yaga maka takarda ba. Ka karanta Suratul Hujurat a makarantar allo, inda aka ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika. Wannan ayar ma ta ishe ka darasin farko.

Akwai kuma maganar ambulan, wato kuɗin da ake ba ƴan jarida a ɓoye don su yi labari yadda ake so. Ka tambayi duk wanda ya yi aiki a ƙananan gidajen rediyo, zai gaya maka yadda albashi ke zuwa da yadda ba ya zuwa, da yadda wasu ke bin taruka don ɗan perdiyem, kuɗin halartar taro, na jaka biyar. Daga nan mutum yake zama maroƙin mai kuɗi ba tare da ya sani ba. Gidanmu ba a taɓa yin wannan ba.

Kada ka ga na yi zafi. Na san abin da Allah ya ba ka. Hausarka mai daɗi ce, ta kakarka ce ka gado, kuma tun Maris na 2025 da aka mai da Hausa harshen ƙasa, wanda ya iya rubuta ta da kyau ya haɗa da Faransanci ba zai rasa wurin zama ba. Ranar da ka karanta jawabin ɗalibai a lise, dattawan masallacinmu sai da suka zo har gida suka yi mini barka. Ban gaya maka ba a lokacin, don kada kanka ya kumbura.

Ga abin da za a yi. Ranar Litinin Baffanka zai raka ka ESSCOM ku karɓo sharuɗɗan shiga da lissafin kuɗin shekara, ka aiko mini hotonsu ta wayar ƙanwarka. Takardar haihuwarka da ta shaidar ɗan ƙasa suna hannuna, zan ba direban da muka saba ya kawo. Ragon da Innarka ke kiwo za a sayar in ta kama, ita da kanta ta faɗa. Kafin nan, ka cire hannunka daga rubuta duk abin da ya shafi soja ko tsaro, wannan umarni ne. Ka kira Hajiya ka gaishe ta da ƙafa, tana ta tambayarka.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Mahaifinka,
Birni, Damagaram