A Kula Kafin A Sauya Bakin Salansar Hilux

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu motar a-kori-kura da ke cire bakin salansa na asali, wato ɓangaren da ke manne da inji yana kwashe hayaƙi, su ɗaura na bututai da ake kira heda.

Ga mai Toyota Hilux mai injin fetur na lita 2.7, wanda aikinsa ɗaukar buhunan hatsi ne, samfurin 4-2-1 ya fi dacewa, domin bututansa huɗu suna haɗewa su zama biyu kafin su koma ɗaya, kuma hakan yana ƙara ƙarfin ja tun injin bai ɗau gudu ba. Samfurin 4-1, wanda bututansa huɗu ke haɗewa kai tsaye su zama ɗaya, sai an taka mota sosai yake nuna amfaninsa, kuma a ganina yawancin masu sayensa ƙara kawai suke nema.

Wajen ɗaurawa ne ake yin ɓarna. Na taɓa ganin wani makanike ya mayar da tsohon gasket, wato abin da ake sawa tsakanin inji da heda don hana hayaƙi fita ta gefe, bayan kwana biyu baƙin hayaƙi ya zana layi a gefen injin. A sa sabo, a ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, a mayar da na'urar auna iskar oksijin mazauninta, sannan a nisanta wayoyi daga zafin bututan.

Naku,
Wani direba, Kano