Edward na Uku Ba Bare Ba Ne a Gidan Sarautar Faransa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci ƙwarai da jin mai gabatar da shirinku na tarihi a rediyo yana cewa Sarki Edward na Uku na Ingila ya nemi gadon sarautar Faransa ne don kwaɗayi kawai, wai ba shi da dangantakar jini da gidan. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma sau biyu ya maimaita ta.

Sarki Philip na Huɗu na Faransa ya rasu a 1314 ya bar 'ya'ya maza uku, Louis na Goma da Philip na Biyar da Charles na Huɗu, kowannensu ya hau gadon ya mutu ba tare da ya bar ɗa namiji da ya rayu ba, domin ɗan da aka haifa wa Louis bayan rasuwarsa kwana biyar kacal ya yi a duniya. 'Yar'uwarsu Isabella ita ce mahaifiyar Edward, wato Charles da ya rasu a 1328 kawunsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifiyarsa. Ta yaya jikan sarki zai zama bare? Abin da manyan Faransa suka kafa hujja da shi shi ne Edward ɗan mace ne, kuma tun da aka hana 'yar Louis sarauta a 1316, mace ba za ta miƙa wa ɗanta abin da ita kanta ba ta da shi ba. Shi ya sa suka naɗa Philip na Valois, ɗan baffan marigayi Charles. Duk Bahaushen da ya san yadda ake ware ɗan mace a zancen sarauta zai gane wannan nan take, amma shirinku bai ko ambace shi ba.

Na koyar da tarihi a sakandare har na yi ritaya, kuma ni na sa jikata ta riƙa sauraronku. Da idona na ga ta rubuta a littafinta da jan biro cewa Edward ba jinin gidan ba ne, da na gyara mata kuwa sai ta ce ai a rediyo ta ji.

Sannan kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin magana ya yi ƙarfi, har yana danne sunaye da shekaru. Ku rage shi, ku kuma gyara wancan kuskure a shiri na gaba.

Naku mai sauraro,
daga Zariya