Sanarwa kan koyon taimakon gaggawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina roƙon kowa ya koyi taimakon gaggawa, musamman danna ƙirji da ake kira CPR. Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kuma da wuya motar asibiti ta iso kafin nan.

Idan babban mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, sa wani ya kira agaji. Kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ka riƙa dannawa sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, har ma'aikatan lafiya su karɓe ka. Haƙarƙari na iya karyewa, ci gaba kawai, ƙashi yana warkewa. Ruwa kuwa, don Allah kada a ɗura masa, shaƙe shi zai yi.

Karantawa a waya ba ta isa ba, sai hannu ya saba. Ƙungiyar Red Cross tana horarwa. Mai sha'awa ya rubuta sunansa a nan.