Kafin ka biya kuɗin linzami marar waya, nemi risibarsa ka gwada

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani ƙaramin kaya da ba a tunawa da shi sai ranar da ya ƙi aiki, wato linzamin kwamfuta marar waya, wanda masu shaguna a nan Accra suke kira maus. Ina da ɗan shago a unguwar Nima inda muke buga takardu, mu cike wa mutane fom ɗin fasfo ta intanet, mu kuma duba wa ɗalibai sakamakon jarrabawar WAEC, saboda haka hannuna na dama yana kan linzami tun daga hantsi har bayan isha'i. Da dare kuwa, idan mun sallami abokan ciniki, ɗan ƙanwata da abokansa biyu sukan hau kwamfutocin su yi wasannin harbi irin su Counter-Strike 2 da Valorant. Na ga linzami a hannun mai neman abinci, na gan shi a hannun mai wasa, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda matasanmu suke zubar da kuɗinsu a kan lambar da aka buga a kwali da fitilu masu walƙiya.

Bayan Sallar da ta wuce, ɗan ƙanwar tawa ya haɗa barka da sallarsa da ɗan abin da nake ba shi, ya shiga trotro, wato ƙaramar motar haya, zuwa Circle, inda ake sayar da kayan kwamfuta a Accra, ya dawo da wani linzami mai fitilu kala bakwai, an rubuta 7200 DPI da manyan baƙaƙe a jikin kwalinsa. Ya ce mini: "Kawu, daga yau babu mai sake harbe ni." Ba a yi sati uku ba ya fara ƙorafin cewa kibiyar da ke kan allo tana tsalle, linzamin yana yin barci idan an bar shi ɗan lokaci, kuma sai an girgiza shi kafin ya farka. Fitilun sun riƙa shanye cajin cikin kwana biyu, batirin kuma a manne yake a ciki, ba a canja shi. Kafin watan Maulidi ya kama ya daina ɗaukar caji gaba ɗaya. Kyan ɗan maciji ke nan. Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma da irin wannan asarar na koyi abin da na sani.

Bari in fara da lambar da ta yaudare shi. DPI yana nufin yawan ɗigon da kibiya za ta ratsa a kan allo idan ka matsar da linzami tsawon inci ɗaya, wato santimita 2.54. Allon da yawancinmu muke amfani da shi yana da ɗigo 1920 daga hagu zuwa dama. Idan linzami yana kan 1600, tafiyar kimanin santimita 3 ta isa ta kai kibiya daga wannan gefe zuwa wancan. Idan kuwa yana kan 7200, tafiyar da ba ta kai santimita ɗaya ba za ta wurga ta can ƙarshen allo, ta yadda ko akwatin rubuta suna a fom ba za ka iya saitawa ba, balle kan abokin gaba a cikin wasa. Shi ya sa yawancin ƙwararrun masu wasan harbi, waɗanda da shi suke cin abinci, suke tsayawa tsakanin 400 da 1600. Ƙari a kan haka, masu araha da dama idonsu, wato na'urar da ke ƙasan linzami mai gane motsi, bai kai ga lambar da aka rubuta ba, ninka lissafin kawai ake yi a ciki, sai kibiya ta yi sauri amma ta rasa daidaito. Abin da mai wasa yake buƙata shi ne ido mai bin hannu sau da ƙafa, wanda ba ya rikicewa idan an fizgi linzami da ƙarfi, kuma wannan ba a gane shi daga girman lamba.

Tambayar da ta fi kamata a yi wa mai shago ita ce ta wace hanya linzamin yake magana da kwamfuta. Hanyoyin biyu ne. Akwai Bluetooth, wanda ba ya buƙatar a soka komai a jikin kwamfuta, akwai kuma mai 'yar ƙaramar risiba da ake sokawa a kafar USB, wadda take aiki a kan zangon rediyo na 2.4 GHz. Linzamin ofis na yau da kullum yana aika wa kwamfuta rahoton inda yake kimanin sau 125 a daƙiƙa, wato rahoto ɗaya duk bayan milisakan 8 (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), kuma mai Bluetooth ba ya nisa da wannan adadi. Na wasa mai risibarsa ta musamman yana aikawa sau 1000 a daƙiƙa, milisakan 1 ke nan tsakanin rahoto da rahoto. Ga mai buga wasiƙa ko mai lissafi a Excel wannan bambanci ba ya nufin komai, Bluetooth ma ya fi masa daɗi saboda yana barin masa kafar USB ya soka filashi ko firinta, yana kuma tattalin batir. Ga mai wasan harbi kuwa, Bluetooth yana sa hannu ya ji kamar yana jan igiya mai santsi. Wanda yake son linzami ɗaya ya yi masa aikin rana da wasan dare, to ya nemi mai risiba ta wasa, ko kuma mai hanyoyin biyu kamar Razer Orochi V2, wanda ake juya masa maɓalli a ƙasa a koma daga wannan zuwa wancan.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma na faɗa wa yaran: kada kowa ya ɗora wa linzami laifin da ba nasa ba. Allonmu na shago yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, kusan milisakan 17 ke nan tsakanin hoto da hoto. Manyan kwamfutocin da suke ɗauke da waɗannan wasanni kuma ba a Ghana suke ba, suna Turai ne ko Afirka ta Kudu, kuma jinkirin da nake gani a kusurwar allo idan yaran suna wasa yakan haura milisakan 100. Wanda yake wasa a cikin irin wannan hali, sannan ya je ya biya kuɗi mai yawa domin linzami mai rahoto sau 4000 ko 8000 a daƙiƙa, ya sayi sirdin zinariya ne ya ɗora wa jaki. Sau 1000 ya wadatar, har da saura.

Akwai wata matsala da ta daɗe tana wahalar da ni kafin in gane kanta. Wani linzami da nake da shi ya riƙa tsinkewa duk lokacin da abokin ciniki ya soka filashinsa a kafar da ke kusa da risibar, har na yi niyyar jefar da shi. Ashe kafar USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne, tana fitar da hayaniyar lantarki a daidai zangon 2.4 GHz idan ana kwafar bayanai, kuma kamfanin Intel ya yi bayanin wannan tun shekarar 2012. Wi-Fi ma a wannan zangon yake da yawa, ga shi kuwa a unguwa irin Nima gida yana jingine da gida, kowane ɗaki da na'urarsa. Maganin ba ya cin ko sisi: a mayar da risibar zuwa kafar USB 2.0, ko a sa mata gajeriyar wayar ƙari a kawo ta kan tebur kusa da hannu, maimakon a ɓoye ta a bayan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur.

Maganar batir ita ce inda na saɓa da matasa. Su suna son mai caji, ni kuwa na fi son mai batirin AA guda ɗaya, kuma dalilina na zaman Accra ne. Duk wanda ya ga shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, musamman 2015, ya san cewa kayan da ba ya aiki sai an yi masa caji yana iya barinka a ranar da ka fi buƙatarsa, alhali batirin AA ko a teburin mai kayan koli na bakin titi za ka same shi. Sannan batirin da aka manne a ciki yana raguwa da shekaru, zafi kuma yana gaggauta mutuwarsa, idan ya mutu ya tafi da linzamin duka. Misalin da zan kawo shi ne Logitech G305, wanda a kasuwannin Asiya ake sayar da shi da sunan G304: batirin AA ɗaya yana kai shi kimanin awa 250 yana rahoto sau 1000, idan kuma aka mayar da shi yanayin tattali, mai rahoto sau 125, yana iya kaiwa wata 9. Wannan kaɗai ya nuna cewa sauri da batir ake sayensa. Ba talla nake yi wa kowa ba, lissafin ne ya dace da irin aikina. Gargaɗina shi ne a guji batura masu arahar gaske, kuma kada a bar batir a cikin linzamin da za a ajiye watanni, domin a damina, da laimar bakin teku da muke fama da ita, yakan yi yoyo ya cinye ƙarfen da ke ciki. Wanda yake da hali ya sayi batura masu caji guda biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana jira.

Nauyi da siffa kuwa hannun mutum ne alƙali. G305 ɗin da na ambata gram 99 ne da batirinsa, G Pro X Superlight na ƙwararrun wasa bai wuce gram 63 ba, MX Master 3S na ma'aikatan ofis kuma gram 141 ne, babba mai cika tafin hannu, amma rahotonsa sau 125 ne kawai, don haka tsadarsa ba ta mayar da shi na wasa ba. Mai babban hannu da ya wuni da ƙaramin linzamin tafiya zai kwana da ciwon wuyan hannu, bahago kuma ya nemi mai siffa ɗaya ta kowane gefe.

Yanzu sai batun kasuwa, wanda shi ne ya fi damuna. Kayan gwanjo da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema sukan zo da linzamai masu kyau ƙwarai, na ofisoshin Turai da aka sabunta, kuma a Circle ko a Adum ta Kumasi za ka gan su jibge a cikin kwando. Matsalar ita ce da yawa sun rabu da risibarsu tun a can. Linzami marar Bluetooth da ya rasa risibarsa ba shi da maraba da doki marar mahayi, domin yawanci kowanne da tasa aka haɗa shi a masana'anta. Akwai togiya: na Logitech masu alamar tauraro a cikin ruwan lemo, waɗanda ake kira Unifying, ana iya haɗa su da wata risibar mai irin alamar, ɗaya ma tana ɗaukar na'urori har 6. Amma Unifying ba ta karɓar masu alamar Bolt, wata risibar Logitech ta daban, ba ta kuma karɓar na wasa irin G305. Saboda haka kafin a yi maganar farashi, a buɗe murfin batir a ga risibar a ma'ajinta, a soka ta a kwamfuta a gaban mai shago. A danna maɓallin hagu a hankali sau da yawa a kan wani fayil, domin tsohon maɓalli yakan danna sau biyu alhali sau ɗaya ka taɓa shi, kuma wannan ciwo ne da yake ƙaruwa. A ja fayil daga gefe zuwa gefe a ga ko zai suɓuce a hanya. A murza tayar tsakiya sama da ƙasa a ga ko shafi yana komawa baya da kansa.

Sabo a kwali ma ba a rufe ido a saya, domin sunayen da suka yi fice su ne aka fi yi wa jabu, kuma jabun yakan zo da kwali mai sheƙi fiye da na gaske. Hanya mafi sauƙi ita ce a saukar da manhajar kamfanin a kwamfuta, G HUB ga na wasan Logitech ko Synapse ga Razer, a ga ko za ta gane linzamin; idan ba ta gane shi ba, a mayar wa mai shi kayansa. Farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna shi ma alama ce, tunda kayan nan duka da dala ake shigo da su, kuma babu ɗan kasuwar da zai sayar da asara don yana ƙaunarka. Masu saye ta hoton WhatsApp su biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kafin kaya ya iso, su tuna cewa ba a cinikin biri a sama.

Idan an saya, kulawar ba ta da yawa. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana shiga ramin ido da tayar tsakiya, sai a riƙa gogewa da auduga busasshiya. Ido na yau da kullum ba ya gani a kan gilashi ko tebur mai ƙyalli, don haka shimfiɗar yadi mai arha ta fi wa mai wasa amfani fiye da fitilu goma. Fitilun ma, idan akwai su, a kashe.

An ce linzami na farko da Douglas Engelbart da abokan aikinsa suka ƙera a Amurka a shekarun 1960 ɗan akwatin katako ne da waya a jikinsa kamar wutsiya, abin da ya sa Turawa suka kira shi ɓera. Wutsiyar nan ba aibi ba ce har yau. A kwamfutocin da abokan ciniki suke zama a shagona masu waya na bari, domin 'yar risiba ba ta fi farce girma ba, kuma biyu sun taɓa bin aljihun mutane sun fita. Marar waya nawa ne ni da yaran, risibarsa kuma na ɗaure ta da salatif a bakin wayar ƙari.

Roƙona ga 'yan uwanmu masu sayar da kayan kwamfuta a Circle da Adum da sauran kasuwanni, waɗanda da yawansu 'yan zango ne masu karanta wannan jarida, shi ne kowane shago ya ajiye tsohuwar kwamfuta ɗaya a kan kantar shago da batir ɗaya mai rai domin gwaji, kuma a rubuta wa mai saye rasit mai ɗauke da kwanakin da zai iya dawo da kaya. Ɗan ƙanwata ya sake fara tara kuɗi, kuma na yi masa alkawarin cewa ranar Asabar ɗin da kuɗin suka cika tare za mu shiga motar Circle, da kwamfutata a cikin jaka.

Wassalam.

Naku,
Mai shagon buga takardu,
Nima, Accra