Daga Riruwai zuwa Dala: wasiƙa ga aminina

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali, kuma ruwan Fatakwal bai hana ka sakat ba. Na san shiruna ya yi yawa, domin rabona da rubuto maka tun bayan Babbar Sallah, amma abin da na gano a makon jiya ya tsaya mini a rai, kuma kai ne ka fi cancanta da jin sa, tunda a bakinka na koyi sunayen yawancin tsirran da na sani.

Na raka Kawu ta'aziyya Riruwai. Ka san hanyar, a bi ta Tudun Wada, a ratsa Dajin Falgore, sannan a faɗa ƙasar Doguwa inda duwatsu suke fara ɗaga kai. Da yake damina ta ja baya, gefen titi ya yi ado. Tafasa da rai-ɗore sun fitar da fure ruwan ɗorawa, duman kada ya shimfiɗu a bakin kwalbatoci, yaɗiya ta nannaɗe ƙananan itatuwa, har ƙuduji, wanda manomi ba ya son gani a gindin dawarsa, ya yi kyau ga idon matafiyi. Sai dai a wurare da dama mun tarar da gefen hanya ya ƙone ƙurmus kamar an cinna masa wuta, alhali ba wuta ba ce, maganin feshi ne da ake watsawa har ya zarce iyakar gona. Wata dattijuwa da muka rage wa hanya ta ce a da, ruwa na sauka take tsinko tafasar kwaɗo a bayan gidanta, amma yanzu sai ta nausa daji, don ba ta yarda da ganyen bakin hanya ba. Wannan magana ta fi komai damu na.

Gidan rasuwar yana wani ƙauye a kan tudu inda mota ba ta kaiwa, saboda haka muka taka da ƙafa. Wani dattijo daga cikin Kurama, mutanen da suka daɗe a waɗannan duwatsu, shi ya yi mana jagora. Na lura cewa duk inda hanyar ta yi gangare an jera duwatsu kamar matakala, an kuma yanka wa ruwa 'yar hanya a karkace domin ya zube gefe kada ya biyo sawun mutane. A wani lungu ya tsaya, ya sa ƙafa ya taɓa wani dutse da ya fara girgiɗi, ya tsuguna ya cusa masa tsakuwa a ƙarƙashi, sannan muka wuce, duk bai katse hirar da yake yi da Kawu ba. Ya ce kafin kaka sukan yi gayya, kowane gida ya ba da mutum, domin ta nan za a sauko da masara. Ya kuma nuna mana tsofaffin ramukan haƙar kuza, waɗanda tun zamanin Turawa aka san Riruwai da su, ya gargaɗe mu kada mu kauce hanya.

Da na dawo gida, washegari da asuba na hau Dala, abin da rabona da yi tun ranar da ka sare a tsakiyar matakala muka riƙa jiran ka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wannan fa shi ne dutsen da tarihi ya ce Barbushe yana hawa don ganawa da Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999, kuma a gindinsa Kano ta tsiro. Amma ruwa ya zaizaye gefen matakalar, ledoji sun maƙale ko'ina, gidaje sun matso har jikin dutsen, kuma ɗan tsiron da ya rage bai wuce tumfafiya nan da can ba. Daga sama ana hango Goron Dutse da ragowar ganuwa, ita ma kullum cinye ta ake yi. Mutanen ƙauyen can ba su da kuɗin da ke yawo a Kasuwar Kurmi, amma hanyarsu ta fi tamu samun kulawa, domin suna ganin tasu ce.

Na riga na yi magana da mai unguwa da wasu samarin masallacinmu, kuma sun amince mu nemi izini mu fara da kwashe shara da toshe wuraren da ruwa ya ci kafin wata damina. Inna ma ta ce kunun ma'aikata a wuyanta, ko da yake ƙafar tata har yanzu tana taɓa ta. Abin da nake roƙo a wurinka shi ne ka rubuto mini irin ciyayi da tsirran gida waɗanda saiwarsu take riƙe jar ƙasa a gangare, kuma awaki ba su cika damun su ba, domin awakin unguwar nan ba sa barin komai. Idan za ka zo hutun ƙarshen shekara, ka sanar da ni da wuri mu hau tare ka duba wurin da idonka.

Ka gaishe mini da uwargida da yara. Kawu yana gaishe ka.

Naka har kullum,
Amininka na Kano