Kafin a kama ɗaki a kusa da tashar jirgin ƙasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu in ja hankalin matafiya kan wani abu da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato zaɓen masaukin da za a kwana a kusa da tashar jirgin ƙasa.

Tun da aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, mai tsawon kilomita 186, kwanan hanya ya ƙaru. Wanda ya taso daga Kano ko Funtuwa ko Zariya yana son kama jirgin safe a Rigasa, sau da yawa sai ya shigo Kaduna da yamma ya nemi wurin kwana. Haka wanda ya sauka a tashar Idu ko Kubwa da ke Abuja rana ta yi sanyi. Bayan harin da aka kai wa jirgi ranar 28 ga Maris 2022, da dawowar zirga-zirga ranar 5 ga Disambar 2022, hankalin kowa ya koma kan tsaron cikin tarago da na kan layi: ga jami'an tsaro, ga lambar NIN wajen yankar tikiti. Hakan ya yi daidai. Sai dai da zarar fasinja ya fita daga ƙofar tasha wannan tsaron ya ƙare, sauran daren yana hannunsa da hannun mai otal.

Kuskuren farko shi ne yarda da kalmar "kusa da tasha". Sababbin tashoshin nan ba a tsakiyar gari aka gina su ba. Rigasa tana gefen yammacin Kaduna ne, a ƙaramar hukumar Igabi. Idu unguwar masana'antu ce, da ma'aikata sun tashi sai wurin ya yi tsit. Moniya, inda jirgin Legas ke tsayawa tun da aka buɗe layin a 2021, tana bayan garin Ibadan ne. Saboda haka otal ɗin da taswirar waya ta ce minti biyar ne tsakaninsa da tasha, mai yiwuwa minti biyar ɗin nan ta cikin lungu ne mara fitila, tsakanin kangaye da katangun da babu kowa a bayansu. Otal mai nisan minti ashirin amma a bakin babban titi, inda masu shayi da masu tsire ke kaiwa tsakar dare, ya fi shi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Kafin ka biya ko sisi, buga waya ka yi tambaya huɗu: kwalta ce har ƙofa? Akwai fitila a layin? Mota ko keke na iya shiga bayan isha'i, har da damina? Ƙarfe nawa ake rufe get, kuma wa ke buɗewa da asuba? Wanda ya tsaya kame-kame a tambaya ta ƙarshe, ba shi da maigadin dare.

A riƙa tunawa kuma jirgi kan makara. Wanda ya yi lissafin sauka da la'asar sakaliya yana iya sauka bayan magariba, don haka da duhu za a auna hanya, ba da hasken rana ba.

Sai batun biyan kuɗi. Akwai masu ɗaukar hotunan otal na gaske su buɗe shafi a Facebook ko Instagram, su sa lambarsu, su ce a turo rabin kuɗi a riƙe ɗaki. Alamarsu a fili take: sunan asusun da za a tura kuɗin na mutum ne ba na otal ba, farashin ya yi arha fiye da kima, kuma suna gaggawa, wai ɗaki ɗaya ya rage. Ka nemi lambar otal ta wata hanya dabam ka kira ka tabbatar, in kuwa kana da ɗan uwa ko aboki a garin, ya taka da ƙafarsa ya gani. In za a iya, a biya bayan an ga ɗaki, a karɓi rasit mai sunan otal da kwanan wata da lambar ɗaki. In da kati za ka biya, a kawo na'urar POS gabanka, kada katin ya bar idonka, ka rufe madannin da hannu lokacin sa lambar sirri.

A bakin tasha kuwa, mai binka yana cewa "Alhaji, akwai otal mai kyau nan kusa, zo in kai ka" kamasho yake nema, kuma ba inda ya fi tsaro zai kai ka ba, inda ake sallamarsa zai kai ka. Ka fito kamar wanda ya san inda za shi. In mota ka kira ta Bolt ko Uber, ka jira ta a cikin harabar tasha inda haske da jami'ai suke, ka duba lambar mota da fuskar direba sun dace da na cikin waya kafin ka shiga. A Abuja musamman, motar da ta tsaya da fasinjoji biyu ko uku a ciki ana cewa saura mutum ɗaya, a bar ta ta wuce, 'yan fashin da ake kira 'yan wan cans da haka suke farauta. Wanda ya sauka a Idu da rana yana da zaɓin ƙaramin jirgin cikin birni, wanda ke kaiwa tsakiyar Abuja da kuma filin jirgin sama. Waya kuma ta zauna a aljihu, kada a riƙe ta a bakin keke, masu ƙwace ba sa buƙatar fiye da ƙiftawar ido.

Idan ka isa, tsaya minti biyu a teburin karɓar baƙi ka sa ido. Suna neman katin shaida su rubuta a rajista? Wasu na ganin wannan takura ce, alhali alheri ne, domin otal ɗin da bai tambaye ka ko kai wane ne ba, bai tambayi na ɗakin da ke jikin naka ba. Makullai a rataye suke a allo inda duk mai wucewa zai ga wane ɗaki ne babu kowa? Ma'aikaci ya ɗaga murya ya faɗi lambar ɗakinka a gaban masu zaune? In haka ta faru ka nemi a canja maka, musamman in mace ce ita kaɗai. Kyamarar tsaro ma a duba allonta, da yawa ado ne kawai, wayarsu ma ba a jona ba.

Amma, Malam Edita, abin da na fi son a yi wa karatun ta-natsu shi ne wannan: matafiyinmu yana shiga otal yana tunanin ɓarawo da mai garkuwa da mutane, ya manta da abubuwa biyu da ke kashe mutum yana barci ba tare da kowa ya taɓa ƙofarsa ba, hayaƙin janareta da gobara.

Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum ya fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, ya ɗauka gajiyar hanya ce ko zazzaɓi, ya sha farasitamol ya ƙara gyara kwanciya. Mai barci kuwa ba ya ma farkawa. Ƙananan masaukai da ke matse a fili ɗaya su suka fi wannan matsalar, domin saboda tsoron ɓarayi da ruwan sama sukan ajiye injin a ƙarƙashin matakala, ko a lungun da ke tsakanin gini da katanga, daidai ƙasan tagogin ɗakuna. Ƙa'idar da masana lafiya ke bayarwa ita ce inji ya kasance a waje, a buɗaɗɗen wuri, aƙalla mita shida daga kowace taga ko ƙofa, bakin salansarsa yana kallon nesa da gini. Saboda haka ka buɗe labule ka leƙa. In kana ganin injin a ƙarƙashinka, ko ka ga bangon kusa da tagar ya yi baƙi da hayaƙi, ko ramin da aka huda wa na'urar sanyaya ɗaki bai toshe da kyau ba, wannan ɗakin ba na kwana ba ne ko kyauta aka ba ka. In kuwa da dare kai da abokin kwananka kuka tashi da ciwon kai lokaci ɗaya bayan an ta da inji, ku fita waje nan take, ku buga wa maƙwabtan ɗaki ƙofa, a kashe injin, a nufi asibiti. Kada a tsaya buɗe taga a koma kwanciya.

Gobara kuma, abin da ke mayar da ita ajali shi ne ƙarfen taga. Mun saba ganinsa a matsayin kariya, kuma kariyar ce daga ɓarawo, amma in wuta ta tare baranda, ɗakin da aka yi wa walda ta ko'ina ya zama keji. Ka duba ko ƙarfen yana da ɓangaren da ke buɗewa, in akwai kwaɗo a jiki ka tambayi inda makullinsa yake. In babu, to ƙofa ce kaɗai mafitarka, sai ka san hanyarta kamar tafin hannunka. Ajiye jaka, ka fito ka ƙirga ƙofofi nawa ne tsakanin ɗakinka da matakala, domin cikin hayaƙi da ɗaukewar wuta da lalube za ka tafi. Ka nemi matakala ta biyu ka sauka ta kanta har ƙasa, ka tura ƙofar da hannunka. Sau da yawa za ka tarar an ɗaure ta da sarƙa, ko an jibge tsofaffin katifu da kujeru a bakinta. Tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango tana da ɗan agogo a wuyanta: in allurar tana kan kore da sauran ƙarfinta, in ta faɗa ja ƙarfinta ya zube. Takardar da ke jikinta kuma za ta nuna ranar da aka duba ta na ƙarshe.

Dalilin haka ne ya sa hawa na ɗaya ko na biyu ya fi dacewa. Ɗakin ƙasa mai tagar da ke kallon titi ya fi sauƙin kutse, na can ƙoli kuma ya fi wahalar sauka, tsanin 'yan kwana-kwana ma yana da iyaka. In wuta ta tashi, a taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe. In da zafi kada a buɗe, a jiƙa tawul a toshe ƙasanta, a kira 112, a tsaya bakin taga a nemi agaji. In babu zafi, a fita da rarrafe, domin hayaƙi sama yake tashi, kuma a ja ƙofar a rufe. Lif ba a shigarsa a irin wannan lokaci.

Sau da yawa irin wannan wutar daga wayar lantarki take farawa. Soket ɗin da ya yi baƙi ko yake warin ƙonanniyar roba, kada a jona masa komai. Kada a bar waya tana caji a kan katifa ko ƙarƙashin filo. A banɗaki, a kunna hita ruwa ya yi zafi, a kashe ta daga makunni, sannan a yi wanka, saboda in ba a ja mata wayar ƙasa ba, wuta na iya bin famfo. Wanda ya taɓa kan famfo ya ji ɗan tsikari, ya ɗauki wannan da muhimmanci ya gaya wa manaja.

Ƙofar ɗaki ba ta buƙatar dogon bincike. Makulli kaɗai bai isa ba, ba ka san mutum nawa suka riƙe shi kafin kai ba, kuma yankan wani a kasuwa aikin 'yan mintuna ne. Abin dubawa shi ne sakata ta ciki, da kusoshin da ke riƙe da ita a jikin katako: in suna motsi, kafaɗa ɗaya za ta ɓalle su. Ɗan guntun katako mai siffar weji, wato mai kauri a gefe ɗaya da sirin baki a ɗayan, da za a cusa a ƙasan ƙofa daga ciki ba ya cin wuri a jaka, yana kuma aiki sosai, sannan cire shi ba wuya in ana gaggawar fita. In akwai ƙofar da ta haɗa ɗakinka da na kusa, sakatarta ta kasance ta ɓangarenka. Wanda ya ƙwanƙwasa da dare ya ce ma'aikaci ne, a kira teburin karɓar baƙi a tabbatar kafin a buɗe. Masu iyali kuma su kashe fitila su haska tocilan waya a kan agogon bango, ramukan silin da soket ɗin da ke kallon gado, gilashin ɓoyayyiyar kyamara yana ƙyalli in haske ya dake shi.

Ka tura wa wani naka sunan otal da lambar ɗaki da lokacin jirginka. Kuɗi, tikiti, katin shaida, waya da takalmi su kwana wuri ɗaya kusa da kai, inda hannu zai same su cikin duhu.

Fitar asuba ita ce ta ƙarshe, kuma a nan mutane ke sakaci saboda tsoron kada jirgi ya bar su. A daidaita da direban da zai zo tun da dare, a karɓi lambarsa, ya shigo har cikin get ya ɗauke ka. A gama biyan duk wani ciko kafin a kwanta, a kuma shaida wa maigadi lokacin fita, don kada a tsaya a bakin titi da jaka ƙarfe biyar na asuba ana ɗaga wa duk motar da ta wuce hannu.

Ina kira ga hukumomin kashe gobara na jihar Kaduna da na Babban Birnin Tarayya su riƙa zagaya masaukan da ke kewayen Rigasa, Kubwa da Idu suna duba wurin ajiye inji, ƙofar fita ta biyu da tukwanen kashe wuta. Yanzu da ake aikin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, sababbin masaukai za su tsiro a bakin kowace tasha, kuma tun a takardar izinin gini ya kamata a gindaya waɗannan sharuɗɗa.

Na gode.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna